Ɗamiyyar Irin Shuka

Ruwan bana har haushi yake ba ni, Allah ya yafe mini. Tun da ya fara bai yi fashin kwana uku ba. Sai ya sauko da hantsi, ya ɗauke, ya dawo da la'asar, ƙasa ta sha ta ƙoshi har ƙafa tana nutsewa. Mu kuwa muna ɗakin haya a cikin garin Kankara, aikinmu tara robobi a inda rufi ke yoyo.

Damina uku ke nan rabonmu da ƙauyenmu, can bayan Pauwa, dab da daji. Ɓarayi suka tashe mu. Ba zan ba da labarin ranar ba, don duk wanda ka taɓa a unguwar nan yana da irinsa, wasu ma nasu ya fi namu muni. Abin da na fito da shi dai tabarma ce, da tukunya biyu, da wani ɗan baƙin tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Ko a cikin motar gudu sai da mata suka sami abin dariya, wai kowa ya ɗauko zannuwa, Delu ta rungumo tulu. Irin waken gidanmu ne a ciki, binne cikin toka, kuma shekara arba'in da 'yan kai ni ce mai tsaronsa. Yadda aka yi tsaron ya faɗo hannuna shi ne abin da ruwan nan yake ta tono mini.

Ina 'yar shekara goma sha biyu a lokacin. Daminar da ta gabata ta yi gardama, ruwa ya ɗauke gero yana bununi, abin da aka zuba a rumbu bai kai mu ƙarshen bazara ba. Azumi kuma ya faɗo daidai bakin damina, lokacin da wuni ya fi tsawo. Kafin a ga wata an yi ruwa ɗaya, kowa ya ruga ya shuka gero. Ya tsiro kuwa, ya yi kwana goma yana jiran na biyu, sannan ya nannaɗe ya bushe a tsaye.

Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Tun da safe bango ke ɗaukar ɗumi. Da azahar kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, ko ka kore su ba sa tashi. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, a yi ta cida, mata su kwashe shanya, maza su fito ƙofar gida suna kallon sama. Sai iska ta taso ta watsa shi. Haka kullum, har muka daina kwashe shanyar.

Tuwo ya koma kunu, kunun ma Inna sai ƙara masa ruwa take yi tana kawar da kai. Mu yara aikinmu da safe shi ne yawon ganye: yaɗiya, zogale, duk abin da akuya ta ci ba ta mutu ba. A dafa a yi kwaɗo, ba ƙuli, sai gishiri da barkono. In ka ci, cikinka ya cika ya yi ta ƙugi, amma ƙafafunka su san ba su ci komai ba.

Gidanmu gida ɗaya ne da na Baffa, ƙanin Baba. Babban ɗan Baffa, wanda daga baya ya zama maigidana, yana saurayi ɗan sha bakwai lokacin. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa. Sai kuma Gwaggo, yayar su Baba. Ita tana amarya suka kama hanyar Makka ta ƙasa da mijinta, suka yada zango a Sudan don neman guzuri, zangon ya zama shekara ashirin da wani abu. Ta dai sauke farali, mijin ya rasu a can, ta dawo ba ɗa ba jika, sai akwatin ƙarfe da haƙorin Makka da baki mai kaifi. Komai namu bai yi mata ba. Shara, wanki, ɗaurin zane, duk sai ta ce, "A Gabas ba haka ake yi ba." A bayan idonta Gwaggo A-Gabas muke kiranta.

Ranar azumin farko Inna ta ɗebo ɗan waken ci da ya rage mana a tsohon buhu, duk ƙwari sun huda shi, za ta yi ƙosan buɗa-baki. Ta surfa, ta zuba ruwa tana cuɗawa, ɓawo yana tasowa tana tsiyayewa. Gwaggo ta tsaya a kanta.

"Ke Rabi, mi kike zubarwa?"

"Ɓawo ne, Yaya."

"Ɓawon ba jikin wake ba ne? Kuna kukan yunwa kuna ba akuya rabin abincinku. Tashi ki ba ni wuri."

Washegari ta yi mana abin da ta kira ɗamiyya. Kwanan baya jikata ta nuna mini hotonsa a waya, wai falafel ake ce masa, na ce ni dai ɗamiyya na sani. Gwaggo ta ce a can da wani wake mai ƙaton kai suke yi, amma namu ma zai yi. Ba a surfa shi, ba a fasa shi. Ɗungurungum ake jiƙa shi da ɓawonsa ya kwana cikin ruwa, ya kumbura ya ninka kansa. Da safe a tsane shi a kwando sai ya daina ɗiga. Sannan a zuba a turmi da albasa da lawashinta, da tafarnuwa, da barkono, da gishiri, da 'yar kanwa, a daka ba tare da an sa ko ɗigon ruwa ba. Gwaggo ta ƙara nata da yunwa ta koya mata: zogale cikin hannu uku. Ba a buga ƙullun kamar na ƙosai, dunƙulawa ake yi a tafin hannu a ɗan danne shi ya yi faɗi. Saboda faɗin nan man gyaɗa ludayi ɗaya ya isa a soya shi a kasko, a juya, a kwashe.

Da aka fasa ɗaya aka ga cikinsa kore shar, Baffa ya ce wannan ƙosai ciwon shawara gare shi. Aka yi dariya, har da Gwaggo, ko da yake sai da ta zage shi. Amma waken da zai ba mu ƙosai goma ya ba mu ɗamiyya ashirin da wani abu, kuma tana zama a ciki. Ta zama abin buɗa-bakinmu: manya bibbiyu, yara ɗai-ɗai, a kora da kunu. Ni aka ba aikin jiƙa waken kullum bayan an sha ruwa, ina kuwa ji da aikin nan kamar an naɗa ni sarauta.

Ranar azumi na goma sha ɗaya hadari ya haɗu irin wanda ba mu taɓa gani ba. Har ƙanshin ruwa aka ji. Baba ya ce yau kam babu makawa. Ya ɗauko tulun iri ya fasa lakar bakinsa, ya tankaɗe tokar da rariya, ya juye waken a ƙwarya, tiya guda cif, ya rufe da faifai ya ajiye a ɗakin Gwaggo, don can ne kaza da yaro ba sa shiga. Yana so da an yi ruwa ya wuce gona da shi da asuba. Duk wannan ban gani ba, ina can yawon ganye.

Da aka sha ruwa Gwaggo ta ce mini, "Gobe Juma'a, mu ke da kai abinci masallaci. Shiga ɗakina ki jiƙa abin da ya rage duka." Ragowar buhu take nufi. Na shiga, na ga ƙwarya, na ɗaga faifai. Wake fari tas, manya-manya, mai jan ido, babu huda ko ɗaya. Kullum Gwaggo cikin mitar waken buhu take, wai rabinsa iska ne, yana yawo a saman ruwa. Sai na raya a raina ai wannan ta ɓoye shi ne don ranar masallaci, ta ga ko ina da wayon ganewa. Na ce yau zan burge Gwaggo. Na juye shi a babbar ƙwarya, na wanke sauran tokar da kyau, na cika ruwa, na rufe. Ban faɗa wa kowa ba, don ina so da safe a yaba mini.

Ruwan bai sauko ba. Iska ce kawai ta yi ta yi, ta yaye mana rufin akurki.

Da gari ya waye Gwaggo ta ɗaga faifan. Waken ya cika ƙwarya har ya tasa, sumul-sumul, yana sheƙi. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai dab da idonta. Sai na ji ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Audu! Zo ka gani." Ita kaɗai ke kiran Baba da sunansa a gidan.

Baba ya zo ya tsuguna, ya sa hannu cikin waken ya daɗe bai fitar ba. Inna ta ce masa, "A shanya shi mana, ga rana."

"Iri in ya sha ruwa ya hwarka, Rabi. Ba shi komawa barci. In an shanya shi ya mutu, in an sa shi busasshiyar ƙasa ya mutu."

Irin nan tun kakan Baba yake a gidan. Mai yaɗo ne, yana ba da wake ya ba da harawa, ƙwari ba su cika damunsa ba. Har daga Damari ana zuwa roƙon cikin hannu. A shekarar kuwa duk wanda muka taɓa ba ya riga ya cinye nasa. Wanda ke cikin ƙwaryar nan shi ne ƙarshensa a duniya, ni kuma na zuba masa ruwa.

"Wa ya jiƙa?" in ji Baba.

"Ni ce."

Na rufe ido ina jiran mari, wallahi da an yi da na ji sauƙi. Sai ya ce, "To, ɗauko tulunki na ɗibar ruwa."

A ƙasan gonarmu akwai rafi, ya ƙafe tun kaka. Baffa da Malam suka shiga tonon yashinsa, sai da rami ya kai musu ƙirji sannan ruwa ya fara tsattsafowa, ja, mai warin laka. Baba ya ɗauki sungumi yana sara a kunyoyin da ke kusa da rafin. Kowane rami a zuba masa ƙoƙon ruwa, a jefa ƙwaya uku, a rufe da ƙafa. Da aka cika kunya goma sha biyu Baba ya dubi ramin ruwan, ya dubi mu, ya ce ya isa, abin da za mu iya shayarwa ke nan. Fiye da rabin waken ya rage a ƙwarya. Aka mayar da shi gida, Gwaggo ta zuba a turmi, ranar ko Gabas ba ta ambata ba.

Da magariba muka ci irinmu, aka kai na masallaci. Zan faɗi gaskiya: ban taɓa cin ɗamiyya mai daɗinta ba. Wake ne lafiyayye, mai garɗi, ba ɗacin ƙwari. Ina ci ina kuka, amma ban ajiye ba, har yatsa na lashe.

Daga nan aka shiga jido. Daga sallar asuba zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Ruwan ba ya zuwa da sauri, sai ka tsuguna a cikin rami da ƙoƙo kana jira ya taru, ka kwalfa, ka sake jira. Inna, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka gona ba, ta yafa zane ta fito da tulu a ka. Mutanen gari suka fara da ba'a, wai Audu ya buɗe lambu da damina. Kwana uku ba'ar ta mutu. Matan gida uku suka fara turo 'ya'yansu da tuluna, ba wanda ya roƙe su. Ni rabin wuni nake azumi, ina iya kurɓa a ɓoye. Manya kuwa leɓɓansu sun tsattsage, ga ruwa a hannunsu suna zuba wa ƙasa, tana shanyewa nan take kamar ba a zuba ba. Baba yakan jiƙa tsumma ya ɗora a ka, kafin ya kai ƙarshen kunya ya bushe.

Rana ta huɗu waken ya fasa ƙasa, wuya a lanƙwashe. Na durƙusa ina kallonsa har Gwaggo ta ce in tashi, ido ma yana ƙona shuka. Rana ta shida Malam ya yanke jiki ya faɗi da tulu a kafaɗa. Aka ja shi inuwa, Baffa ya ce ya karya azumin, ya ƙi. Da la'asar sai ga shi a cikin rami yana kwalfa. Taurin kan nan da shi aka haife shi.

Ruwan ramin ya yi ta ja da baya. Kullum sai an ƙara tono, kullum abin da ake samu yana raguwa. Baba ya fara sallama kunyoyi daga sama. Ya tsaya a kan ɗaya ya ce, "Wagga a bar ta." Mu wuce ta da tuluna a ka, ganyenta ya yi yaushi yau, gobe ya zama kamar an babbake. Daga sha biyu muka koma tara, muka koma bakwai, muka koma biyar. Waɗannan biyar muka kakkafa musu karan dawa muka shimfiɗa ganye a sama don inuwa.

A rana ta goma sha ɗaya ruwa ya sauko, da tsakar rana, ba wani hadarin kirki. Muna gona ya same mu, ba wanda ya gudu. Amma kada a ɗauka daga nan aka ji daɗi. Sau uku aka shuka gero a shekarar, na ukun ma rabi ya yi. Autar Baffa ta rasu cikin marka, cikinta ya kumbura. Gwaggo ba ta ga kaka ba, zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da ita. Kunya biyar ɗin nan suka ba mu tiya biyu da ɗan kai, Baba bai bari an dafa ko ƙwaya ɗaya ba. Ya zuba a tulu da sabuwar toka, ya liƙe bakin da hannunsa, ya kira ni gaban kowa ya miƙo mini.

"Ke kin san abin da ya ci mamu. Riƙe."

Na riƙe kuwa. Da aka aurar da ni ɗaki kawai na sauya, tulun bai bar gidan ba. Kowace kaka ni ke zaɓar kwanson da ya fi tsawo da cika, in shanya daban, in ɓare da hannu, in sa a toka. Baba ya rasu, Inna ta rasu, Baffa ya rasu, waken yana nan. Ɗamiyya kuwa nakan yi ta da azumi, da waken ci, yara suna tsokanata da koren ƙosai.

Da muka zo Kankara, daminar farko ba wanda ya yi maganar gona. Ta biyu na buɗe tulun na shuka kaɗan a tsohuwar roba a tsakar gida, awakin masu gidan suka cinye shi yana ganye huɗu. Gonakin bakin gari kuwa duk da masu su. Bana da aka yi ruwan farko Malam ya sa na buɗe tulun, ya ɗauki ƙwaya ya fasa da haƙori, ya duba cikinta a hasken ƙofa. Ya ce ta fara ja. Iri ba ya wuce damina uku a ajiye. In bai shiga ƙasa bana ba, baɗi ko an shuka ba zai fito ba.

Ana ta cewa daji ya lafa. Wasu mutanen ƙauyenmu, su Alhaji Lawal, sun fara zuwa gona a kan babura da sassafe, su yi aiki su dawo kafin la'asar. Amma a cikin lafawar nan aka ɗauke Malam Tukur, abokin Malam tun suna yara, a tsakiyar gonarsa. Fartanyarsa aka tarar a kan kunya da takalmi ƙafa ɗaya. Har yau ba labari. Matarsa ɗakinta yana kallon nawa, kullum ina ganinta.

Ran Talata da yamma Malam ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu zan bi su Alhaji Lawal. Hiddo mani irin nan ki tankaɗe."

"Malam, ba ka ga abin da ya sami Malam Tukur ba?"

"Na gani. Kwanansa ne ya zo da haka."

"In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta hwa?"

"Delu, wuni ɗaya ne. In sa shi ƙasa in dawo."

"Noman hwarko hwa? Maimai hwa? Ranar roro wa zai je? Wuni ɗaya ne shi ma?"

Ya ce, "Baba ya ba ki riƙo ne, bai ba ki don ya mutu a tulu ba." Ya ɗauki buta ya fita.

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na tankaɗe waken kamar yadda ya ce. Na zauna ina kallonsa a ƙwarya, ga kukan jikan Malam Tukur yana shigowa daga ɗakin can. Shekara arba'in ina tsaron abin nan, ranar na dube shi na ji na tsane shi. Na ce muddin yana nan, mutumin nan sai ya tafi. Na jawo bokiti na tuttula masa ruwa, na rufe, na tura ƙarƙashin gado. A tunanina na gama da shi: da safe zai ga iri ya lalace, ya yi faɗa, ya haƙura.

Tsufa bai hana wauta ba. Ni da na yi jidon kwana goma sha ɗaya, ni ce na manta abin da ya sa aka yi jidon. Da Malam ya dawo daga sallar asuba na jawo ƙwaryar na buɗe masa, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya tsuguna, ya ɗebo, ya murza a hannu. Sai na ji yana dariya.

"Kai, Delu, Allah shi yi maki albarka! Dubi yadda ya tashi, ashe da ransa. Ga ƙasa da laima, kwana ukku ya hito. Ni ban ma yi wannan tunanin ba. Tsane mani shi a kwando, bari in gaya ma Alhaji Lawal ya biyo ta nan."

Rabon da in ga haƙoransa haka tun muna ƙauye. Ya fita da sauri har yana tuntuɓe.

Na tsane shi a kwando, kamar yadda ya ce. Sannan na jawo turmin matar gidan. Na tsaya da taɓarya a hannu, na ce ko in rage cikin hannu ɗaya. Amma na san shi, ko ƙwaya goma ce sai ya hau babur ya kai ta. Na juye duka. Na kai bugun farko. Daga nan ban tsaya ba.

Ƙarar dakan ce ta tarbe shi a zaure. Ya shigo, Alhaji Lawal yana waje babur yana ruri. Ya leƙa turmin. Na ci gaba da daka.

"Duka?" ya ce.

"Duka."

Sannan ya fita, na ji yana cewa, "Alhaji, ku tahi, Allah shi tsare." Ya dawo ya shiga ɗaki ya kwanta, fuska ga bango.

Abinci dai ba a zubar da shi. Na nemo albasa da barkono, na tsinko zogale a bayan gida, na ƙarasa dakan, na dunƙula, na soya. Ƙanshin ya cika gidan, yaran maƙwabta suka kewaye ni, na rarraba musu, na kai wa matar Malam Tukur. Na ajiye wa Malam nasa a kwano. Da azahar ya tashi ya ci, don ba wani abincin a ɗakin. Ni ko ɗaya ban ci ba.

Kafin la'asar su Alhaji Lawal suka dawo, su tara, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Ƙafafu duk laka, suna ta hira da ƙarfi, wai ƙasar kamar a ci. Sun shuka gyaɗa, sun shuka wake. Washegari ma suka je suka dawo. Na zauna a bakin ƙofa ina jin su, na rasa inda zan sa raina. Da na ji an ce an kore su da harbi, wallahi da na sami abin riƙewa. Allah ya yafe mini wannan ma.

Kwana biyar Malam bai fita ba sai masallaci. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, gaisuwa ma bai fasa ba. A na shida ya ce Alhaji Lawal yana neman masu noman farko, zai bi shi ƙwadago. Mutum mai shekara sittin, mai gonar kansa. Na buɗe baki, ya dube ni, na rufe. Ba ni da sauran abin da zan daka.

Yau kwanansa takwas yana zuwa. Shekaranjiya Alhaji Lawal ya tsaya a zaure ya sa aka kira ni, ya rage murya.

"Hajiya, ki yi ma Malam magana. In mun zauna hutun azahar sai ya sulale shi kaɗai ya nuhi gonarku. Kin san ta hi tamu shiga daji. Na bi shi jiya, na iske shi duƙe cikin ciyawa yana buɗawa da hannu, kunya-kunya. Wai gyauro yake nema, ko akwai wanda ya zube ya hito da kansa. Na ce mashi shekara ukku, Malam, ina wake zai kai? Ya ce bai gama duba gehen rahi ba."

Na ce to, zan yi masa magana. Ban yi ba. Da wane bakin?

Da asuba na ƙulla masa ɗan ɗumame a leda, ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, ya fita. Tun azahar ake yayyafi. An kira la'asar ɗazu, har an idar. Babura biyu sun shigo layinmu, na leƙa, ba su ba ne.